Furfurar Kanti

"Lafiya lau, sai kewar mijina. Ya jikin tsufa, Maigida?"

"Tsufa yana gidanku. Ya hanya, Amarya? An ce kin gama karatun gardama."

Ina bakin murhu ina jin su. Mukarrama ce, 'yar marigayi yayana, ta iso Malikanchi da hantsi, ta tarar da kakanta Malam Inuwa, wato babana, yana gyaran ƙotar fartanya a gindin darbejiya. Ran Talata za a rantsar da ita lauya a Abuja. Katin baƙi biyu aka ba ta, ɗaya na uwarta, ɗayan kuwa ta rantse ba mai zama a kujerar ubanta sai tsohon nan. Shi kuma sau biyu yana kashe mata waya. Ni dai na san Baba, tsoro ne kawai, wai kada ya shiga cikin 'yan boko ya ba ta kunya.

Ta buɗe jaka, ta zaro farar hular lauyoyi, ta ɗora a kan hijabinta.

"Subhanallahi. Tunkiyar wa kika yi wa aski?"

"Gashin doki ne, ɗan ƙauye."

"Shekara shida kina wahala, ashe furfura kika je saye a kanti. Ni tawa kyauta Allah ya ba ni, ko fom ban cika ba."

"Taka ai saura ƙwaya goma sha biyu. Sauran fili ne, sai shanyar barkono."

"Filin nan da kike gani ya raba rigimar gona ta fi ɗari, daga Janfalan har Kudan, ko takarda ban riƙe ba."

"Shi ya sa har yau suke rigimar. Ka shirya, Litinin bayan asuba mota za ta zo."

"Ba ni zuwa. Tumatir ya nuna."

"Goggo Hassana ta ce tun makon jiya aka kwashe."

Jin sunana, na sunkuyar da kai ina hura wutar da take ci da kanta. Yarinyar nan ba ta da rufin asiri.

"To akuyata ta kusa haihuwa."

"Bunsuru ne da kai, Maigida."

"Ke haka za ki riƙa tsare bayin Allah a kotu?"

"Haka. In ka ƙi, ka ba ni takardata, in hayo tsoho mai haƙora in ce shi ne kakana."

"Wa zai yarda? Wannan shafaffen hancin naki, duk ƙasar Ikara a gidana kaɗai ake samunsa."

Suka yi dariya. Can sai Baba ya ajiye ƙotar, muryarsa ta yi ƙasa.

"Amarya, in suka yi min Turanci fa? In tsaya baki buɗe, abokanki suna kallo?"

Ta cire hular, ta durƙusa a gabansa.

"Kaka, ba magana za ka yi ba. Zama za ka yi inda babana zai zauna da yana raye. In aka kira sunana na waiwaya, so nake in ga fuskar gidanmu."

Ni kam hawaye suka zubo min, ba zan ɓoye ba. Sai Baba ya ƙwala min kira.

"Hassana, fito min da babbar rigata a wanke. Ki haɗo da mazarƙwailar Makarfi da ke cikin tukunya, curi goma."

"Me za a yi da mazarƙwaila a Abuja?" in ji Mukarrama.

"Babban alƙalin zan kai wa, ya riƙa duba min ke."

"Cin hanci ke nan, tsoho. Tun a bakin ƙofa 'yan sanda za su kama ka."

Ya ƙyalƙyale da dariya har da buga ƙafa, ya karkata hularsa gaban goshi.

"Su kama mana. Ina da lauya."