Bayan Sallau na Likita Ne

Aminiyata Ladidi, matso ki ji daga bakina, tunda labarin ya iso miki a karkace. Mu uku ne a gidan nan: ni, da autana Sallau, da Baffansa Malam Barau, ƙanin marigayi maigidana. Sallau ya haura talatin, gari na ce masa wawa. Ni dai abin da na sani, yadda aka faɗa masa magana haka yake ɗaukarta, ba ragi ba ƙari. Bara buhun gero ya taɓa masa baya, har ruku'u ya gagare shi. Baffansa ya dage sai wanzami ya yi masa sakiya. Na ce muddin ina numfashi ba mai ɗora wa ɗana ƙarfen da aka gasa a wuta. Akwai wata likita a birni da ta koyo aikin allura a ƙasar Sin, allurar da ba ruwan magani, tsirawa kawai ake yi. Na ce can za mu, mai fushi ya yi ta yi.

Wata rana muka shirya zuwan farko. Na haɗa baƙin takardar da aka ba mu, na karanta masa: "Kada ka zo da yunwa, ka ɗan taɓa abinci." Muna isa jiri ya kwashe shi. Likita ta ce, "Malam Sallau, ka karya kuwa?" Ya ce, "Na taɓa koko, likita. Da wannan yatsan, har sau biyu." Ranar ba a yi allura ba. Ta yi masa tambayoyi, ta riƙe wuyan hannunsa tana jin bugun jini, ta ce ya fito da harshe ta duba. Ba ta ce ya mayar ba. A haka muka shiga mota, sai da na rantse masa da bakinta ta ce an gama.

Wata rana muka koma, ya ci ya ƙoshi. Ta ɓare allurai sababbi a gabanmu, sirara kamar gashin wutsiyar doki. Sallau na tsaye ya sandare don tsoro. Ta ce, "Haba, saki jikinka mana." Ladidi, sai ji muka yi tim! Ya zube kamar buhun da aka kwance wa baki. Da ƙyar muka ɗora shi gado. Ta tsira masa goma sha biyu, ya ce, "Inna, yaushe za a fara?" Ya ce nauyi-nauyi kawai yake ji. Kafin minti ashirin su cika yana minshari, ni kuwa ina jan carbina.

Wata rana, a zuwa na huɗu, ta ce, "Kada ka bari kowa ya taɓa bayan nan sai ni." Masu tausa take nufi. Sallau ya daina cuɗa bayansa, a masallaci sai sahun ƙarshe, a gida yana bin bango a kaikaice. Yara suka yi ta dariya. Da na tafi barkar haihuwa, Baffansa ya faki idona ya kawo wanzami, aka sa ƙarfe a wuta. Sallau ya manne da bango. Baffansa ya ce, "Juyo, ɗan nan!" Sallau ya ce, "Baffa, bayan nan na likita ne. Ga gaba in kuna so." Ƙarti uku suka kasa ɓamɓare shi. Baffansa ya fusata, ya miƙa wa wanzamin tasa gwiwar mai ciwon sanyi, ya ce, "Kalli yadda maza ke yi." Kwana bakwai gwiwa ta zama tulu, tana ruwa, sai da aka kai shi asibiti.

Yau Sallau ruku'unsa lafiya lau, alhamdu lillahi, Baffansa kuma a zaune yake salla. To, a nuna mini wawan.

Jiya da la'asar Malam Barau ya kira ni, murya ƙasa-ƙasa: "Maman Sallau, likitar nan tana duba tsofaffi?" Kafin in buɗe baki Sallau ya ce, "Tana dubawa, Baffa. Amma in za ka taɓa abinci, da baki ake taɓawa."

Ranar Laraba Sallau zai raka shi. Don girman Allah, Ladidi, wannan na ƙarshen ya tsaya tsakanina da ke. Dattijo ne, a rufa masa asiri.