Ranar da Na Kai Intanet Safana a Aljihu

Tsufa ya fara ɗauke mini sunayen jikokina, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai intanet Safana a aljihun riga ba. Na so in manta. Mutanen Safana ne suka ƙi ba ni haɗin kai.

Ku fara sanin mai maganar. Ni ba jahili ba ne. Na taɓa firamare kafin mahaifina ya ce gero ya fi malamai buƙatata, kuma har yau ba na fita sai da biro a gaban riga (tawadarsa ta daɗe da ƙafewa, amma wa ya tambaye ku?). A majalisarmu ta Batsari, duk maganar da ta shafi boko ni ake juyowa a kalla.

A shekarun nan da masara ta zama abin marmari, ɗana Sanusi, ma'aikacin asibiti, ya haɗa mana sola, ya kafa dogon ƙarfe mai kamo sabis, ya jawo waya zuwa ɗakinsa. To ni ɗakina yana can ƙuryar gida, katangun ƙasa sun tare, ko gaisuwa intanet ɗin ba ya zuwa yi mini. Sai ya kawo wasu na'urori biyu farare, kowace kamar sabulun wanki. Ya soka ɗaya a soket ɗin ɗakinsa, ya soka ɗaya a nawa.

"Baba, ba sai an fasa bango an ja sabuwar waya ba," in ji shi. "Saƙon zai bi ta cikin wayar wuta, ya fito nan, ya shiga wayarka."

Haka kuwa aka yi. Na gyaɗa kai irin na wanda ya daɗe da sanin zancen.

Wata rana na ci tuwo na ƙoshi, ina kishingiɗe a ƙofar gida ina kallon turakun lantarki, sai ilimi ya motsa. Na ce yo in dai ta wayar wuta yake bi, ai waya ba a gidana ta tsaya ba. Ga ta can ta miƙe har Safana. Ashe yaron nan bai san darajar abin da ya saya ba!

A Safana kuwa akwai taubashina Na'Allah, wanda tun muna yara kowa ke kiran ɗan'uwansa bawa. Rashin tsaro ya taso su daga Runka, gona ta gagara, ɗansa Lawal ya tafi ƙwadago Aljeriya ya bar matarsa da ciki. Uwar Lawal, Yalwa, tun tafiyarsa ba ta ga fuskarsa ba. Sabis ɗin unguwarsu murya kawai yake kawowa, ita ma a guntule. Da aka haihu, sai na aika: a gaya wa Yalwa ranar suna za ta ga ɗanta ido da ido, shi ma zai ga nasa ɗan. In ji ni.

Ranar na zare na'urar ɗakina ba tare da Sanusi ya sani ba, na hau a-kori-kura. Fasinjoji na addu'ar kada mu gamu da mutanen daji, ni kuwa hannuna na kan aljihu ina addu'ar kada buhun gyaɗa ya danne mini intanet.

Bayan an raɗa suna an ci goro, aka shigar da ni tsakar gida. Na gyara tabarau na ce, "Ina soket?"

"Ga shi can," in ji Na'Allah. "Sai dai ka nemi izinin mai gidan."

Na leƙa. Zanzaro ya yi gini a ciki. Rabonsu da wuta, an yaye yara.

Nan ne mai hankali zai ce a yi haƙuri. Ni kuwa cewa na yi, "Wuta ai wuta ce. A nemo janareta."

Aka aro na mai cajin waya. Aka sayo fetur wurin 'yan bumburutu, fetur ɗin da a lokacin ake tsiyaya shi kamar turare. Mata suka cika tsakar gida, har da na maƙwabta. Aka naɗo jariri aka fito da shi. Yalwa ta shiga ɗaki ta canza zani, ta rambaɗa kwalli, wai kada Lawal ya ga ta rame ya shiga damuwa. Ta zo ta zauna gabana a kan tabarma.

Na yi bisimilla da ƙarfi na soka na'ura. Fitila ɗaya ta kama. Ta tsakiyar, wadda a gida take yin kore, ta yi shiru. Na zare na hura mata iska na mayar. Na juya fuskarta ta kalli Batsari. Na ɗaga wayar hannuna sama.

"Yana tafe," na ce. "Kun dai san halin hanyar nan."

Janareta na ta shan fetur. Jariri ya fara kuka. Sai Na'Allah ya miƙe da sandarsa, ya bi wayar janaretar a hankali daga hannuna, yana ɗaga ta kamar mai bin sawun akuya, har gindin dalbejiya inda injin yake.

"Bawana," ya ce, "ga wayarka nan ta ƙare a gindin itace. Shi baƙon naka ta ina zai shigo? Ta salansar injin?"

Kafin in haɗa amsa, wata tsohuwa daga bayan turmi ta ce, "Wai Malam, ku ma ba da hasken rana na ji kuna kunna fitila ba?"

Jama'a, sai a lokacin na tuna. Gidana ma tuni aka yanke shi daga turke. Da idona na ga an naɗe wayar.

Aka tuntsire da dariya, har da maijego daga cikin ɗaki. Wannan duk na iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini a wuya Yalwa ce. Ba ta yi dariya ba. Miƙewa ta yi ta ce, "Ba komai, Malam, ka yi niyya," ta koma ɗaki ta cire zanin.

Da na dawo, Sanusi ya saurare ni yana cizon leɓe don ladabi. Ya ce na'urorin nan sai suna kan wayar gida ɗaya suke jin juna, ko gidan maƙwabci ba sa kaiwa, balle Safana.

Ranar kasuwa na sake bin hanyar nan da tsorona, na ɗauko Yalwa da kaina. Na'Allah ya liƙe, wai zai raka matarsa (tuwona ya biyo). A ɗakina ta ga Lawal a fuskar wayata. Ta ce ya rame, ya ce ita ce ta rame, suka yi ta kuka, ni kuma na fita duba awaki, alhali ba ni da ko ɗaya.

Darasi dai na ɗauka. Har yanzu ilimi kan motsa mini bayan cin tuwo, ba zan ɓoye ba. Amma yanzu can bayan gida nake fara gwada shi, inda kaji ne kaɗai shaidu, kafin in sa tsohuwar mutane ta yi kwalli.