Yadda Za Ka Hana Ƙarfen Gaban Motarka Karyewa, Bisa Tafarkin Nasun Mai Raƙuma

Idan ka sayi irin ƙananan motocin dajin nan masu kujera biyu, sabbin fitowa, waɗanda ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba ya miƙe ya lanƙwaso ta samanta kamar wuyan raƙumi, kuma duk wanda ya gani sai ya ce maka zai karye, to kwantar da hankalinka. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na ba ka tabbaci ko tsagewa ba zai yi ba. Ba a takarda na karanto ba. A wurin maƙwabcina Nasun na koya, makiyayin raƙuma a nan hamadarmu mai sanyi ta Alashan, wanda tasa ta yi wata bakwai a hannunsa ko fentinta bai kankare ba.

1. Ka saye ta don gardama

Mota da aka saya don buƙata ba ta daɗewa. Nemi wanda za ka ba haushi tukuna.

Nasun yana da shekara sittin da ɗaya. Gwiwarsa ta hagu ta daina yarda da hawan raƙumi, babur kuma ya kayar da shi sau biyu a cikin yashi. 'Yarsa Sarula, malamar makaranta a garin Bayanhot, ta gyara masa ɗaki a hawa na biyar, har da labule.

"Baba, kiwon nan ya ishe ka haka," ta ce. "A sayar da raƙuman, ku dawo wurina kai da Inna."

"In dawo in yi kiwon me? Tattabarun taga?"

"Ka yi kiwon gwiwarka."

Bayan kwana tara sai ga shi da mota ja a bayan tirela.

2. Tara masana

Kada ka kira makaniki, zai ɓata maka lokaci da gaskiya. Dafa shayi mai madara da gishiri, ka kira makiyaya.

Mu shida muka zo. Jirgal, wanda tun suna yara shi da Nasun ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, ya durƙusa a gaban tayar, ya shafa ƙarfen daga ƙasa zuwa sama, ya matsa nan ya matsa can, daidai yadda yake duba dabba a kasuwa.

"Mutumina, an cuce ka," ya ce. "Wannan ai da lahani aka haife ta. Ka taɓa ganin abin da ke ɗaukar nauyi ya zagayo ta saman taya? Dutse ɗaya, shi ke nan."

Dillali ya riga ya yi wa Nasun bayani: an tsawaita ƙarfen ne don nauyin ya rabu, kuma tayar ta samu wurin hawa da sauka. Nasun ya maimaita mana wannan da babbar murya. Amma na lura da idonsa. Shekara arba'in yana mayar da duk dabbar da ya ga lanƙwasa a gabanta, kuma a ransa ya san da raƙumi ne da bai saya ba.

3. Yi alkawari a gaban shaidu

Alkawarin da aka yi a ɓoye ana iya janye shi, saboda haka ba shi da amfani.

Sarula tana wurin ran nan, tana jin komai. Nasun ya ajiye kwanon shayinsa.

"Idan ƙarfen nan ya karye kafin dusar ƙanƙara ta farko, zan bi ki gari, in zauna a ɗakin labulenki. Idan bai karye ba, ba ki ƙara yi mini maganar."

"Na yarda, Baba."

Matarsa Udbala ta ci gaba da yanka cuku. "Baban Sarula, da ka bari shayin ya huce kafin ka yi rantsuwa," ta ce.

4. Riƙe ta yadda ake riƙe ɗan raƙumi mai rauni

Wannan shi ne sirrin aikin. Yayyafa wa tayoyin madara, ɗaura shuɗin ƙyalle a jikin ƙarfen, duk mun saba yin haka don neman albarka. Kai ka wuce nan.

Nasun bai taɓa ɗora mata kaya ba. Buhun gishirin dabbobi a kafaɗa yake ɗauka, yana tafe motar na tsaye tana kallonsa. Da rana ta take sai ya kai ta inuwa ta huta. Ranar iska ya lulluɓe gabanta da bargo. Gudu kuwa, tunkiya mai ciki ta taɓa wuce shi.

Masu ilimi sun tabbatar cewa inji ba ya gajiya. Masu ilimin nan ba su da 'ya mai ɗaki a hawa na biyar.

5. In ka ga dutse, sauka

Tsakanin gidan Nasun da inda raƙumansa ke kiwo akwai wani tudu mai baƙaƙen duwatsu. Don irin wurin aka ƙera motar, hotonsa ne ma a jikin takardar talla. Kai dai kada hoto ya ruɗe ka.

Kullum da safe Nasun zai tuƙa a hankali har gindin tudun, ya kashe, ya zare makulli, ya ɗauko sanda daga ƙarƙashin kujera, ya haura da ƙafa. Awa biyu zuwa, awa biyu dawowa. A da, ko a kan babur, rabin awa ne. Haka ya yi tun daga askin gashin raƙuma har ciyawa ta bushe. Ni kaina na sha hango shi daga nesa yana ɗingishi a tsakanin duwatsu, kuma gaskiya abin ya daina ba ni dariya tun a wata na uku.

"Ka sayi mota don ka huta, yanzu motar ce ke hutawa," in ji Udbala, tana ɗaure masa gwiwa da tsumma mai zafi.

"Ke ba ki san inji ba."

"Na san wannan dai ta kumbura."

6. Gyara wurin zama kafin ka amsa waya

Duk ranar Lahadi Sarula takan kira shi ta bidiyo. Shiga mota, tura sandarka ƙarƙashin kujera da dunduniya, ɗora hannu ɗaya a sitiyari.

"Ya motar, Baba?"

"Jiya ma sau uku na haura tudu da ita. Ko motsi."

"Gwiwar fa?"

"Wace gwiwa?"

Nuna mata ƙarfen da kyau, ta ga yana sheƙi. Kada ka bari ta ga ka sauko.

7. Kada ka bar makulli na biyu a gida

A nan Nasun ya yi sake, kai ka kiyaye.

Ƙarshen kaka ne, sama ta yi nauyi, kowa na cewa dusar ba za ta wuce mako ba. Wata taguwa mai ciki cikin raƙumansa ta ɓalle daga garke, ya bi ta. A can bayan tudun gwiwar ta yi ƙara, ya zube, ya kasa tashi. Ya daɗe a zaune yana zagin taguwar kafin ya kira gida.

"Ki kira Jirgal ya zo da raƙumi. Motar tana gindin tudu, kada kowa ya taɓa ta."

"To," in ji Udbala.

Ba ta kira kowa ba. Ta ɗauki makulli na biyu daga cikin tukunyar da take ajiye allura, ta taka har gindin tudun. Ba ta taɓa tuƙa komai ba sai tsohuwar tarakta, ita kuwa tarakta abu ɗaya ta koya mata, a danna har ƙasa. Nasun ya ji rugugi, ya ɗago kai, ya ga jar motarsa ta faso ta kan duwatsu, shuɗin ƙyallen yana kaɗawa.

"Kin kashe ni," ya ce.

"Shiga dai, tsoho."

Ta jawo shi ciki, ta juya, ta sake bi ta kan tudun don ta nan titi ya fi kusa. Ya rufe ido yana jiran ƙarar karyewa. Bai ji ba. Da ya buɗe, sai ya ga tayar gaba tana hawa tana sauka a kan duwatsun da ya san kowannensu da tafin ƙafarsa, ƙarfen yana bin ta, shi kuwa a kujera ko girgizar kirki ba ya ji. Minti goma sha biyu suka ƙetare. Ya riƙe gwiwarsa da hannu biyu, hawaye na zubo masa, Udbala ta ɗauka zafin ciwo ne.

8. Karɓi nasararka

Likita ya ce gwiwar ta gama aiki, sai an yi tiyata, kuma shi da tafiya a kan dutse har abada. Kwana biyu bayan aikin dusar ta sauka. Sarula ta ja labulen asibiti don ya gani.

"Ka ci, Baba. Bai karye ba. Ba zan ƙara maganar ba."

Ta cika alkawari, ba ta ƙara ba. Da aka sallame shi, ita da direban tasi suka tallabe shi zuwa hawa na biyar.

Raƙuman ba a sayar ba. Udbala ke kiwonsu da motar, da buhun gishiri biyu a baya, tana gamawa kafin shayin safe ya huce. Jirgal ya sayi irinta, yana gaya wa mutane tun ranar farko ya san ƙirar mai kyau ce.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ƙarfe kaɗai ya yi wa alkawari. Gwiwa, baya, da inda mutum zai ƙarasa kwanakinsa, duk ba ruwansa, kuma ba ya karɓar ƙorafi. Mai neman ƙarin bayani ya je Bayanhot, zai tarar da Nasun a kujerar da ke bakin taga. Ka tafi masa da cuku daga daji. Ba sai ka tambaye shi motar ba, da kansa zai gaya maka ƙarfen yana nan lafiya lau, sannan ya tambaye ka ko taguwar nan ta haihu.