Kilo Bakwai na Sallau

Ga wata nan na kawo muku, ku gyara zama. A ƙauyen Tungar Rimi an yi wani bawan Allah mai suna Sallau. Ba mahaukaci ba ne, kada ku ɗauki alhakinsa. Yana noma, yana salla, bai taɓa cin ƙwandalar wani ba. Abin da ya same shi ɗaya ne: yadda magana ta fito daga bakinka, haka zai ɗauke ta ya bi, ba ragi ba ƙari. Matarsa Uwani ita ke riƙe da gidan, da awaki huɗu, da shi Sallau ɗin. 'Yarsu ɗaya tal, Sahura, tana aure can Fatakwal, inda mijinta Nafi'u ke sayar da albasa.

To, Sahura ta samu cikin fari, wata ya kusa. Bisa al'ada gida za ta zo ta haihu, amma likita ya hana ta doguwar tafiya. Uwani kuma ciwon gwiwa ya kafe ta, ko bakin rijiya da ƙyar take kaiwa. Yarinya za ta yi jego a garin da ba uwa ba inna. Uwani ta yi kukanta ta share, ta ce ko ƙafarta ba ta je ba, hannunta zai je: yajin jego da ta daka da kanta, da garin kunu, da kanwa, da daddawa, da kuka. Mai kaiwa kuwa Sallau, don babu wani. Nafi'u ya san surukinsa, ya san in aka sa shi a mota sai an yi cigiya. Sai ya yankar masa tikitin jirgin sama daga Kano, mai arahar nan wanda ba ka da komai sai jakar hannu.

Wata rana Nafi'u ya bugo waya. Ya ce, "Baba, kada jakar ta wuce kilo bakwai. Abin da ya hau kai sai an biya, kuɗin kuwa ya fi ƙarfin kayan. A auna jakar tun a gida." Sallau ya ce, "An gama." Ya saɓi jaka ya tafi kasuwa wurin mahauci mai sikeli, ya dawo baki har kunne.

"Uwani, yaron nan tsoro ne da shi kawai. Ko kilo ɗaya ba ta kai ba."

"Da kayan a ciki?"

"Wane kaya? Jaka ya ce a auna."

Uwani ta dube shi ta ce, "Malam, Allah ya bar mana kai." Ta shirya kayan da kanta, ta mayar da shi kasuwa sau uku, tana rage garin kunu kamar ana yankar naman jikinta, har sikeli ya tsaya a bakwai cif.

Wata rana kuma ta zaunar da shi. Ta ce, "Malam, kada ka faɗa wa kowa tafiyar nan. Rabin samarin garin nan suna Fatakwal. In aka ji, cika ka za a yi da saƙo." Sallau ya amsa, amma abin ya tsaya masa a rai. In wani ya tambaye shi fa? Shi ba ya ƙarya. Gara ya toshe ƙofar tun da wuri. Sai ya bi gari gida-gida yana sallama.

"Roƙo na zo yi. Don Allah kada wanda ya tambaye ni ko zan tafi Fatakwal a jirgi ran Talata. An hana ni faɗa."

Kafin la'asar zaure ya cika. Wannan ta kawo ƙuli-ƙuli a kai wa ɗanta, waccan busasshen zogale, wancan kilishi. Tsohuwa Tabawa, wadda ba ta ga autanta ba shekara uku, ta taho da sanda ta ajiye ƙullin dakuwa. Saƙo kuwa ba a mayar da shi; wa zai dubi idon tsohuwa ya ce babu wuri? Aka auna saƙon kaɗai, kilo goma sha ɗaya. Uwani ta yini ba ta yi wa Sallau magana ba. Shi kuwa yana ta mamaki yadda zancen ya fita, alhali bai faɗa wa kowa ba.

Wata rana yana zaune a teburin mai shayi ya zuba tagumi, sai Haladu direba ya ji damuwarsa. Haladu ya taɓa kai fasinja ƙofar filin jirgi sau ɗaya, tun daga nan ba a zancen jirgi a garin sai da shi. Ya ce, "Wannan ne damuwa? Ai abin da ke jikin mutum ba a aunawa." Sallau bai ƙarasa shayin ba. Ya je gida ya ɗaure ƙuli-ƙuli a cikinsa da rawani, ya yi ɗamara da kilishi, ya cusa dakuwa a hula, sauran a aljihu da hammata, ya rufe da babbar riga. Ya fito tsakar gida yana tafiya kamar agwagwa, awaki na bin sa suna jan zogale ta ƙasan riga. Uwani ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta tuna ita ma ba ta da wata dabarar. Ta ce, "Juyo in gyara maka ɗaurin." A ranar ne aka bugo waya Sahura ta sauka lafiya, an samu namiji.

Ran Talata Haladu ya sauke shi a filin jirgi. Aka auna jaka, bakwai cif, aka ba shi takardar shiga. Ya isa wurin masu bincike, wani jami'i ya tura masa tire ya ce, "Baba, duk abin da ke jikinka fitar ka sa a nan." Sallau ba ya musu da hukuma. Ya cika tire ɗaya, ya nemi wani, ya nemi wani, yana ramewa a gaban jama'a har tire tara. Ya kai hannu ga tazuge, jami'in ya ce, "Ya isa, Baba, ya isa! Akwai wanda ya ba ka saƙo?"

"Akwai. Na farko Tabawa, ta gidan Sarkin Aska. Ɗanta Ɗahiru, kana iya saninsa, dogo ne..."

Sai da ya kawo mutum goma sha biyu da 'ya'yansu, layi ya kai ƙofa. Aka tura kayan cikin na'ura, aka kwance ƙulli-ƙulli aka duba, wani ya shinshini yajin jego ya yi atishawa har hularsa ta faɗi. Da suka ga ba komai sai abinci, suka tattara masa saƙon a buhu suka ce ya yi gaba.

A ƙofar shiga jirgi kuwa wata ma'aikaciya na tsaye da nata sikelin. Ta ɗora jaka da buhu, goma sha takwas. Ta ce, "Baba, ko ka biya na goma sha ɗaya, ko ka bar su nan." Ta faɗi kuɗin. Sallau ya laluba aljihu, ba komai sai kuɗin adaidaita sahu da goro biyu. Ya dubi jaka, ga yajin Sahura. Ya dubi buhu, ga amanar mutane. Ba wanda zai iya bari, jirgi kuma ba ya jira.

"'Yar nan, me ya kawo haka?"

"Doka ce, Baba. Kowane fasinja kilo bakwai zai riƙe a hannunsa."

Sallau ya waiwaya ya dubi layi. Ga wani Alhaji ba komai a hannunsa sai carbi. Ga wani mai kwat da waya kaɗai. Ga wata Hajiya da 'yar jaka kamar ta kwalli. Ya manta da tasa damuwar, tausayinsu ya kama shi.

"Alhaji, ina naka kilo bakwan?"

"Wane kilo?"

"Ka ga irinta! Yanzu yarinyar nan ta ci ka tara. Ungo, riƙe wannan. Ba zai kai bakwai ba, amma da babu gara ba daɗi. Allah ne ya taimake ku na zo da ragowa."

Ya ɗora masa ƙuli-ƙuli. Alhaji ya dubi ƙulli, ya dubi Sallau, ya yi dariya har da hawaye. Ya fassara wa mai kwat, wanda ba ya jin Hausa, shi ma ya miƙo hannu biyu aka ba shi kilishi da dakuwa. Hajiya ta ce, "Baba, ni ma kada a ci ni tara," ta karɓi zogale. Ma'aikaciya ta ɗaga murya za ta hana, Alhaji ya ce, "'Yata, an duba kayan nan a gabanmu. Kowa bakwai, ke kika faɗa. Auna mu." Ta auna su ɗaya-ɗaya tana cije leɓe. Ba wanda ya wuce.

A Fatakwal Sallau ya tsaya a gindin matakala ya karɓi kayansa ƙulli-ƙulli, yana ce wa kowa, "Ba komai, ai yi wa kai ne. Gobe dai kada a sake fitowa hannu rabbana." Nafi'u ya kai shi gida. Da yamma aka dama wa Sahura kunun kanwa, saura kwana biyu suna. Ta kwance ƙullin yaji, ta ji ƙamshin turmin uwarta, sai hawaye. Ta share ido ta ce, "Baba, yaya jirgin?"

Sallau ya gyara riƙon jikansa ya girgiza kai. "Mutanen jirgin nan, 'yar nan, sutura dai gare su, amma ba su da komai. Ba don ni ba, da yau mutum uku sun sha kunya."

Iyakar kayan ke nan, na sauke.