Yadda Kyaftin Nazifi Ya Kafa Shaida a Kan Lissafi

Da sunan wanda ya ɗaga sama ba da ginshiƙi ba, ya bar shirwa tana ratsa ta ba tare da an tambaye ta sakamakon jarrabawa ba. Bayan haka, wannan tarihin Nazifi ne, ɗan Malam Isiyaku tela, ɗan Mamman mai facin taya, ɗan Bawa wanda ya faɗo daga kan giginya ya miƙe ya karkaɗe riga, wanda har yau babu wanda ya kai shi nisa a sararin samaniya duk cikin zuriyar. Nazifi Kyaftin, ma'abocin baƙin gilashi ko ana ruwan sama, dodon bencin mai shayi, sadaukin da in jirgi ya gifta ta saman Funtuwa yakan ɗaga kai ya ce, "Wannan bai iya shan kwana ba."

Maƙiyinsa ɗaya ne a duniya. Lissafi.

Sun gwabza a zauren jarrabawar gama sakandare, ranar da rundunonin aljabra suka fito sahu-sahu, kusurwoyi suka yi masa ƙawanya ta gabas da yamma, aka kuma ɗora masa nemo wani x da ya ɓace tun kafin a haife shi, alhali ba shi ya jefar da shi ba. Jarumin ya yi iya yinsa. Ya rubuta sunansa da kyau. Da sakamako ya fito, sai ga F9 zaune a gaban lissafi, ta miƙe ƙafa.

Malam Isiyaku bai ko ɗaga kai daga keken ɗinki ba.

"Makarantar tuƙin jirgi ba ta ɗaukar wanda ba shi da kiredit a lissafi. Ran Litinin ka fara zuwa lesin wurin Malam Sabi'u, ka sake zama."

Ya kai mai karatu, ka san lesin ɗin Malam Sabi'u. Zaure ne mara taga a bakin titi, inda duk mai wucewa yake leƙawa, inda ƙannen bayan Nazifi suke rera jadawalin sau da murya ɗaya. A ce Kyaftin, mai gemu ya fara tsirowa, ya durƙusa a can? Gara ƙasa ta tsage.

"Baba, jirgin zamani kwamfuta ke tuƙa shi. Zama kawai ake yi ana danne-danne."

"To. Kawo mini matuƙin jirgi guda, ya faɗa da bakinsa a shagon nan. In ya faɗa, na yafe maka lesin."

Aka ƙulla alkawari a gaban almakashi da dutsen guga. Sai dai Funtuwa ba ta da filin jirgi. Jarumin ya shiga halwa a kan benci, yana kallon sama, shayi yana hucewa.

Ran Asabar da hantsi bushara ta sauka, ta bakin Gwaggo Kulu mai waina, wadda labari ba ya shiga unguwa sai ya gaishe ta. Ta ce ana suna a gidan Alhaji Mu'azu, tsallaken titi, kuma kawun mai jego ya zo daga nesa. "Matuƙin jirgi ne, in ji su. Ya tsufa a kai."

Nazifi ya miƙe. Benci ya ɗaga, wanda ke ɗaya ƙarshen ya faɗi.

Ya ɗaura ɗamarar yaƙi: farar rigar makaranta da aka cire wa baji, baƙin wando, gilashi, silifas. Ya fuskanci titi, wannan babban kogin ƙarfe da hayaƙi, inda 'yan acaba ke kai farmaki ba sanarwa, tireloli na ruri kamar ranar tashin duniya, ya ɗaga hannu ya yi kururuwa, "A ba Kyaftin hanya!" Ba wanda ya ba shi. Ya jira. Wata tsohuwa mai tallan kuka ta zo za ta tsallaka, ya bi bayanta.

A bakin gidan suna ya tarar da kwata, baƙa, mai faɗi, mai tarihi. Ya ja da baya, ya yi bisimilla, ya tashi sama, kuma masana sun haɗu a kan cewa wannan shi ne tashinsa na farko. Ya sauka lafiya. Silifas ɗin hagu ya yi shahada.

Da ƙafa ɗaya a takalmi ya keta rundunar mata masu kulolin shinkafa, ya kauce wa maroƙin da ya fara yi masa kirari sannan ya dubi ƙafarsa ya fasa, ya tsallake fatar rago, ya ture yara masu jiran ƙashi, har ya iso rumfar manya. Ga shi nan. Dattijo, baƙi, kakkaura, damatsa kamar turmi, yana cin waina da hannu biyu. Sunansa Baba Manu.

Nazifi ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, kai ne matuƙin jirgi?"

"Ni ne, ɗana. Ubana ma shi ne."

Gado!

"Lissafi nawa ake buƙata?"

"Lissafi?" Baba Manu ya lashe yatsa. "Ni ko aji ɗaya ban shiga ba. Ka ƙirga mutane in sun shiga, ka ƙirga in sun fita. In ya zo daidai, ka gode wa Allah."

"Allahu akbar! Baba, don girman iyayenka, taso ka maimaita wannan a gaban mahaifina."

Dattijon ya nannaɗe sauran wainarsa a leda, ya biyo shi. Haka aka ga ayarin nasara ya ratso titi: Kyaftin a gaba yana ɗingishi, hujja a baya tana tauna, 'yan bencin mai shayi sun bar kofunansu sun rufa musu baya, har shagon ya cika ya batse, haske ya daina shiga.

"Baba, ga shi. Tambaye shi."

Malam Isiyaku ya tsayar da keke. Aka gaisa, aka tambayi hanya, aka yi barka da suna.

"Alhaji, wai tuƙin jirgi ba ya son lissafi?"

"Ko kaɗan, Malam. Ido ne da ƙarfin hali. In ka ga hadari ya haɗo, kada ka tashi."

Jama'a suka yi kabbara. Nazifi ya gyara gilashi.

"To in inji ya mutu a tsakiya fa?"

"Sai a ɗauko gora a dinga tokarawa."

Kabbarar ta tsaya.

"Matsalar dai shanu ce," in ji Baba Manu. "In suka taru gefe ɗaya, sai ya karkata. Ranar kasuwa kuwa ga babura, ga buhunan albasa."

Malam Isiyaku ya cire tabarau a hankali. "Alhaji, wane jirgin?"

"Na ruwa mana. Can ƙasar Yawuri. Da wane?"

Wani daga baya ya fara tari, tarin da ba na mura ba.

Baba Manu ya dubi Nazifi sama da ƙasa, ya matsa damtsensa kamar mai tayin rago. "Yaron yana da sha'awa, Malam. Ka ba ni shi. Dama ina neman mai kwashe ruwa da ƙwarya, na wajena ya yi aure. Ɗana, ka iya iyo?"

Sadaukin bai taɓa shiga ruwan da ya wuce bokiti ba.

"Alkawari na ɗauka," in ji Malam Isiyaku, yana mayar da tabarau. "Na ce matuƙin jirgi, ga matuƙin jirgi, ya kuma faɗa da bakinsa. Na yafe lesin. Je ka haɗa kayanka, gobe ku kama hanya."

"Akwai dorina," in ji Baba Manu, "amma ba kullum ba."

Nazifi ɗan Isiyaku, ɗan Mamman, ɗan Bawa, ya juya wajen mahaifinsa.

"Baba."

"Na'am, Kyaftin."

"Ƙarfe nawa ake fara lesin?"

Masu tarihi sun ruwaito cewa ran Litinin shi ya riga kowa zuwa. Malam Sabi'u ya miƙa masa tsintsiya.