Tauraron da Ke Kashe Mini Alam

Ba zan taɓa mantawa da makonnin da na ɗora wa tauraro laifin barcina ba, kuma ko na so in manta, mutanen layinmu a unguwar Agege ba za su bari ba.

A lokacin aiki biyu nake yi. Da asuba ina kwata ina datsar nama tare da sauran mahauta har rana ta take, in dawo gida in yi wanka in yi azahar, in ɗan miƙe na sa'a guda, sai alam ɗin wayata ya tashe ni in hau danfo, wato bas ɗin haya, zuwa kasuwar Oshodi. A can nake tsaron shagon caja da murfin waya na wani abokin mahaifina, Alhaji Garba, wanda muke kira Oga. Ba wanda ya tilasta mini aikin na biyu. Ni na je na roƙa, domin tun da Inna ta rasu, gwiwa kuma ta zaunar da Baba, mu biyu ne kawai a gidan, kuma ina so tsohon nan ya ga cewa autansa ya isa riƙe gida.

Baba tsohon mahauci ne, kuma ba mutum ba ne mai yabo. Hannunsa na hagu yatsu uku ne da rabi, bai taɓa gaya mana yadda aka yi ba, mu ma ba mu taɓa samun ƙarfin halin tambaya ba. Tun ina yaro maganarsa ɗaya ce: namiji ba ya barcin rana. Don haka ko wannan 'yar miƙewar da nake yi, a sace nake yinta, ina jin kamar yana ƙirga mini ita a matsayin lalaci.

Sai alam ya fara yi mini tsiya. In saita shi da hannuna, in ajiye wayar a gefen matashi, amma ba zan farka ba sai da kiran sallar la'asar. In duba wayar, ta nuna mini wai ta yi ƙara na ƙi tashi. Ƙarya take! Ni da ko cokali ya faɗi a ɗakin maƙwabta sai na ji (haka na yarda a lokacin, daga baya na ga shaidar da ta rushe wannan). Kafin in yi salla in fita, gosulo ya riga ya kama hanya, in isa Oshodi Oga ya cika ya yi fam.

A cikin danfo na gamu da bayanin. Ina latsa waya sai ga bidiyon wata mata mai faffaɗan tabarau tana cewa wani tauraro da suke kira Makuri ya fara tafiya da baya, kuma duk lokacin da ya yi haka sai jikin mutum ya mutu, barci ya yi nauyi, wayoyi su rikice, alƙawura su wargaje. Wallahi ji na yi kamar da ni take. Kasala? Ina da ita. Waya mai rikici? Ga ta a hannuna. Har yankan da na yi wa babban yatsana a kwata a makon nan, na tattara na jibga wa Makuri.

Daga ranar na zama malamin taurari. Abokina Sani, wanda ya yi karatu fiye da ni, ya yi ƙoƙarin dawo da ni hanya. Ya ce, "Kai, abeg, don Allah, tauraron nan fa ba baya yake yi ba. Ka san yadda danfonku yake wuce wani danfon sai ka ga kamar wancan yana komawa baya? To shi ke nan." Na ce masa ai ko a ido ne, wayata ta gani ta tsorata. Ya ce in ji tsoron Allah in daina jingina al'amura ga taurari. Na ce ni ba jinginawa nake ba, bincike nake.

Binciken ma har da hujja ta zahiri. Sau biyu ina cire murfin wayar in tarar da ƙwayar shinkafa a maƙale a ciki. Mai hankali zai tsaya ya tambayi kansa me ya kai waya wurin shinkafa. Ni kuwa sai na girgiza kai na ce lallai al'amarin tauraron nan ya wuce yadda ake zato.

Ranar da na gwada yi wa Baba bayanin, yana zaune a kan buzunsa yana jan carbi. Ya saurare ni har ƙarshe, abin da bai saba yi ba, sannan ya ce, "To. Shi tauraron yaushe zai gama?" Na ce matar ta ce sai nan da 'yan makonni. Ya ce, "Allah ya kai mu," ya ci gaba da jan carbinsa. Na tashi ina jin daɗi, wai yau na koya wa Baba abu.

Oga dai bai karɓi wannan karatun ba. Ya ce mini, "Saboda mahaifinka nake ɗaga maka ƙafa. Ka sake makara sau ɗaya, ka ajiye mini makulli." Hankalina ya tashi ƙwarai. Ba rasa shagon ne ya fi damuna ba, a'a, yadda zan shigo gida in gaya wa Baba an kore ni saboda barcin rana.

Sai na yanke shawarar kama tauraron da hannu dumu-dumu. Ranar Asabar ake walimar auren 'yar Oga a ƙofar gidansa, nan bayan layinmu, kuma ni ya ɗora wa jera kujeru kafin la'asar. Na ari tsohuwar wayar Sani, na jingina ta a saman kwaba tana kallon katifata, na kunna ɗaukar bidiyo, na saita alam a tawa, na kwanta. Lissafina shi ne, idan alam ya yi ƙara na tashi, shi ke nan. Idan bai yi ba, ina da shaidar da zan nuna wa duniya.

Kiran la'asar ne ya tashe ni. Baba ma har ya tafi wurin walimar. Na yi salla a gurguje, na zura riga, na fizgi wayar Sani na fita da gudu. Ban tsaya na kalli abin da ta ɗauka ba. Me zan kalla? Ai na riga na san abin da ke ciki.

Na isa na tarar an tare layi da rumfuna, kujeru a jere (wasu ne suka jera), dattawa sun cika rumfar gaba, Baba na cikinsu da babbar rigarsa ta Juma'a. Oga na hango ni ya ɗaga murya: "Sannu da zuwa, ango! Yau ma tauraron ne?"

Mai hankali zai sunkuyar da kai ya ba da haƙuri. Ni kuwa na gyara tsayuwa na ce, "Ranku ya daɗe, yau da shaida na zo." Na yi wa dattawan nan gajeriyar lacca a kan tafiyar Makuri da baya, har ina kwatantawa da hannu, sannan na ƙure ƙarar wayar, na miƙa ta tsakiyarsu. Kawuna suka haɗu. Masu rabon shinkafa ma suka tsaya da faranti a hannu.

Abin da ya fara fitowa minshari ne. Ban taɓa sanin ina minshari ba, ballantana irin wannan, mai hawa da sauka kamar janareton da mai ya kusa ƙare masa. Ga ni nan a baje, baki a hangame, singileti a yage ta hammata, yawu ya jiƙa matashi. Wani dattijo ya ce, "Subhanallahi, wannan shi ne tauraron?" Aka tuntsire da dariya. Na daure na ce a yi haƙuri, a jira, na ja bidiyon gaba zuwa dab da lokacin alam.

Sai aka ji ƙarar ƙofa a hankali. Wayar Sani katifa kawai take gani, don haka ba a ga fuskar kowa ba. Hannu kawai ya shigo ta gefe, ya lallaɓa ya ɗauke wayata daga gefen matashi. Hannun hagu ne, yatsu uku da rabi.

Dariyar ta tsaya cak. Jim kaɗan aka ji alam ɗina yana kuka can nesa, a toshe, kamar an danne masa baki (a cikin buhun shinkafa ake binne shi, kamar yadda na tabbatar daga baya, domin Baba bai san inda ake kashewa ba). Ya yi kukansa ya gaji. Ni dai a bidiyon ko motsi ban yi ba.

Na kai hannu zan kashe, Oga ya riƙe mini wuyan hannu. Hannun nan ya dawo, ya kakkaɓe wayar a jikin riga, ya mayar da ita daidai inda take. Bai tafi ba. An ɗauke wuta a ranar, sai ga hular Baba tana yi mini fifita. Can ya ajiye hular, ya ɗago babban yatsana mai bandeji, ya jujjuya shi yana dubawa, ya mayar a hankali. Sannan muryar da duk wanda ke rumfar nan ya sani ta ce, ƙasa-ƙasa, "Yi barcinka, Auta. Allah ya yi maka albarka."

Tun da nake, ban taɓa jin wannan kalmar daga bakin Baba da kunnena ba. Sai ga shi na ji ta a gaban jama'ar unguwa, a tsakanin minsharina biyu.

Ba wanda ya kalle ni. Kowa Baba yake kallo, shi kuma ya janye hannunsa na hagu ya cusa cikin babbar riga, ya ƙura wa kofin zoɓon da ke gabansa ido kamar bai taɓa ganin zoɓo ba. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da mu biyu za mu yi rige-rigen shiga. Limamin unguwarmu ne ya cece mu. Ya yi gyaran murya ya ce, "To, jama'a, ga tauraron nan zaune yana shan zoɓo. Kuma ni ban ga yana tafiya da baya ba." Rumfa ta sake ɓarkewa da dariya, amma na ga Oga yana goge ido da bakin rawaninsa.

Bayan magariba muka kamo hanyar gida, yana dogara sandarsa, ina bin sa a baya. Kunya nake ji, haushi nake ji. Da ƙyar na ce, "Baba, da kun gaya mini. Saura kaɗan a kore ni."

Ya ce, "Da na gaya maka, za ka ji?" Mu duka mun san amsar. Ya ce ranar da na yanke yatsa, yana sahun bayana a masallaci da azahar, ya ga an yi sallama ni ina nan a sujada ina barci. Sannan ya tsaya a gefen kwalbati, ya fiddo hannun nan ya buɗe mini shi. "Shekarar da aka haife ka, da safe ina kwata, da dare ina tukubar tsire. Gyangyaɗi ɗaya na yi a kan kututture. Ni na ce namiji ba ya barcin rana, ga abin da maganar ta saya mini. Shago ana samun wani, Auta."

Na ce, "Ni so nake ku ga ba rago ba ne ni."

Ya kalle ni kamar na yi maganar banza, ya ce, "Wa ya ce maka ban gani ba?" Ya juya ya ci gaba da tafiya. Na gode wa Allah da aka ɗauke wuta a layin, domin ƙato da ni kuka nake yi.

Oga bai karɓi makullinsa ba. Washegari ya kira ni ya ce in riƙa zuwa Asabar da Lahadi kawai, sauran ranakun in bar wa tauraro. Har yau yaran kwata Malam Makuri suke kirana, kuma duk wanda ya makara sai a ce a je a duba buhun shinkafar gidansu.

Na dai koyi abu biyu. Kafin ka ɗaga kai ka tuhumi sama, ka fara duba wanda kuke kwana gida ɗaya da shi. Kuma don girman Allah, kada ka kunna wa dattawa bidiyon da ba ka kalla ba.

Yanzu ba inda nake zuwa da rana a ranakun mako, amma ina nan ina saita alam ɗin bayan azahar. Baba ya san ba inda za ni, ni ma na san ya sani. Duk da haka ƙofa takan yi ƙara a hankali, hannun nan ya shigo ya ɗauke wayar. Ni kuma in rufe ido in ƙirƙiro minshari, in jira fifitar.