Mijina, Yayana da Ɗakin Haihuwar Ak-Beles

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Haɗe Gundumomi, Allah ya ƙara wa kujerarka laushi.

Bayan gaisuwa irin ta talaka ga babba, da fatan kai da 'yan kwamitinka kun koma birni lafiya. Sunana Burmakan, ina ɗinka dardumar gashin tumaki a Ak-Beles, gundumar da kuke shirin haɗewa da maƙwabciyarta Kok-Sai. Mijina Esenbek shi ne editan Muryar Ak-Beles, ya kuma rantse ba za a yi haɗin nan yana numfashi ba. Yayana Kubanich shi ne editan Alfijirin Kok-Sai, shi kuwa har ya ɗinka sabuwar kwat ta ranar bikin haɗin. Duk Juma'a jaridun biyu suna shigowa gidana, ni ce kuma kaɗai a kwarin nan da dole ta karanta su duka. Ka yi haƙuri da 'yan koke-kokena.

Na ɗaya, ziyarar da kuka kawo mana. Alfijir ta ce jama'a sun yi dafifi, tsofaffi na hawayen murna. Murya ta ce ba kowa a zauren sai kujeru da mai gadi. Ranka ya daɗe, ina wurin. Mun ɗan taru, amma yawancinmu mun zo ne don an ce maganar ruwan ban-ruwa za a yi. Tsohon da aka ɗauki hotonsa yana hawaye kuwa Malam Jumabai ne, idonsa ke ciwo tun bara. Ka sha shayi, ka yaba da kyawun duwatsunmu, ka shiga mota. Shin a rahotonku wannan shi ne jin ra'ayin jama'a? Idan shi ne, wallahi mun gode, ba mu taɓa ba da ra'ayi cikin sauƙi haka ba.

Na biyu, hanyar da ta haura dutse zuwa Kok-Sai, inda sabuwar hedikwata za ta zauna. Yayana ya rubuta cewa kafin shayinka ya huce ka isa. Mijina ya rubuta cewa kyarketai ne ke karɓar baƙi a kan hanyar. Na tambaye shi yaushe rabon da ya ga kyarkeci, ya ce, "Ke dai ba ki san aikin jarida ba." Abin da na sani shi ne da rani hanyar lafiya lau take, da hunturu kuwa dusar ƙanƙara kan rufe ta har sai ta ga dama. Ko taswirar ofishinku tana nuna hunturu?

Na uku, kun ɓata mana walima. Watan jiya muka yanka tunkiya don Apa, mahaifiyarmu, ta cika tamanin. Da aka kawo kan tunkiyar, wanda babban baƙo ke karɓa, sai yayana ya miƙa hannu yana murmushi, ya ce, "Suruki, gara ka fara sabawa, komai mai daraja Kok-Sai zai koma." Mijina ya riƙe tiren ya ce, "Yaya, ai kai ka ƙoshi, gwamnati na ciyar da kai." Yayana ya ce, "Jaridar taka da ko mai kifin bakin tasha ba ya naɗi da ita?" Suna ja-in-ja har romo ya zube a dardumar da na yi wata da watanni ina ɗinki. Apa ta buga sandarta ta ce, "Ku saki, marasa kunya! Mota ɗaya ke kai ku maɗaba'a ɗaya, ku dawo kuna cika mana kunne." Ta janye tiren gabanta, ita da haƙoranta ba su fi a ƙirga da hannu ɗaya ba. Tun ranar suke gaisawa ta bakina.

Na huɗu, wanda saboda shi na ɗauki alƙalami. 'Yarmu Aizirek tana da ciki, haihuwarta kuma tsakiyar hunturu za ta faɗo. Ungozomar asibitinmu ta raɗa mata cewa idan aka haɗe, wataƙila ɗakin haihuwa ya bi hedikwata. Yarinyar ta zo min tana kuka. Na duba Murya, shafi guda a kan sunan da za a raɗa wa sabuwar gunduma. Na duba Alfijir, shafi biyu a kan launin tutarta. Na ce wa uban yarinyar ya bincika, ya ce zai yi zazzafan sharhi. Na ce wa kawunta, ya ce in kwantar da hankalina, ci gaba na tafe. To, ci gaban zai iso kafin naƙuda ko bayanta?

Ni ban ƙi haɗi ba, ban kuma roƙe shi ba. Ku haɗa, ku raba, ku sa mata sunan da ya yi muku daɗi. Tambayata guda ce: ɗakin haihuwar Ak-Beles zai zauna ko zai tashi? Ina roƙon arziki kada amsar ta biyo ta jarida, don iri biyu za ta iso min.

Idan kuma ayyuka sun yi maka yawa har dusar ƙanƙara ta fara sauka ba mu ji komai ba, ba za mu yi fushi ba. Za mu taho birni da wuri, ni da Aizirek da Apa da ungozoma. An ce ofishinka akwai ɗumi, da doguwar kujera mai faɗi. Tawul da tukunyar ruwan zafi za mu zo da namu, kai dai ka sa a kwashe takardu daga kan tebur.

Taka mai biyayya, mai yi maka addu'a safe da yamma,

Burmakan Toktosunova,
Layin Bayan Asibiti, Ak-Beles.